Daga jigo zuwa tukunyar gas: yadda furofen ya iso gonakin Kura da Bunkure

Idan ka baro Kano da rani ka ɗauki hanyar Zariya, kana wuce Tamburawa ƙasa za ta fara canja maka launi. Bayanka ko'ina ya bushe ƙayau, amma daga Kura zuwa Kadawa, ko in ka karkata gabas wajen Bunkure, kore ne shar: shinkafa, tumatir, albasa, masara, wani wurin alkama. Ka sauka daga mota ka bi gefen kanal da ƙafa, ba za ka yi nisa ba sai ka ji ƙarar injin ban ruwa. 'Yan shekarun baya abin da za ka tarar kusa da injin shi ne jarkar fetur. Yanzu a gonaki da yawa tukunyar gas ce, irin wadda ka sani a kicin, an jingine ta da kunya, an ja tiyo daga kanta zuwa kafireta.

Wannan tukunya tana da tarihi, kuma kusan kowace dokar da aka ce a bi wajen sarrafa ta, sai da mutane suka mutu a wani wuri kafin a rubuta ta. Abin da muke so mu bi tare da kai ke nan, mai karatu: yadda aka yi gas ya zo bakin kanal, da abin da ya biyo shi wanda ba a faɗa wa manomi ba ranar da bakanike ya juya masa inji.

Aikin da aka tsara ba ya buƙatar mai

Abin mamaki a labarin nan shi ne, aikin noman rani na Kogin Kano tun asali an zana shi ne don ruwa ya kai kansa gona. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da farin Sahel ke cin dabbobi da amfanin gona a arewa. An gina madatsar ne don ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Injiniyoyin kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne suka yi zanen aikin, aka fara gwaji a Kadawa, sannan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Kashi na farko an tsara shi a kan kadada kusan 22,000, a yankin da yau ya haɗa ƙananan hukumomin Kura, Garun Malam da Bunkure.

Dabarar mai sauƙi ce. Tiga tana sama, gonaki suna ƙasa. Ruwa ya fito ta babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya shiga ƙananan magudanai, har ya iso bakin gona, inda manomi zai sa ɗan lanƙwasasshen bututu ya zuƙo shi cikin fangali. Babu inji a wannan lissafi, babu fetur. Gangara ce kawai ke aiki.

To me ya kawo inji? Abu biyu. Na farko, ba a kammala duk kadadar da aka zana ba, kuma kanal ɗin da aka gina ya tsufa: yashi ya cike shi, kacala ta toshe shi, ƙofofi suka lalace. Wanda gonarsa ke kusa da kai yana shan ruwa ya ƙoshi, wanda ke wutsiya yana jira. Gyaran da aka yi da bashin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, ya rage matsalar a sassa da dama, sai dai kafin ya zo mutane sun daɗe da samar wa kansu mafita. Na biyu, duk wanda gonarsa ta faɗo wajen iyakar aikin, ko ta fi kanal tudu, yana ganin ruwa na wucewa ta gabansa, ai ba zai zauna yana kallo ba.

Kakanninsa da jigo suke ɗaga ruwa: doguwar sanda, guga a kai ɗaya, dunƙulen laka a ɗaya kan. Jigo yana shayar da ɗan lambu, ba ya shayar da kadada. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta jihar Kano ta yaɗa ƙananan injinan fetur masu inci 2 da inci 3, tare da gajerun rijiyoyin burtsatse a fadama. Shirin Fadama na ƙasa da ya biyo baya a shekarun 1990 ya ƙara bazuwar su, daga baya injinan Sin masu araha suka cika kasuwa. Cikin shekaru kamar ashirin jigo ya zama abin nuna wa yara. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, daga ranar da manomi ya ajiye jigo, kuɗin shayar da gonarsa ya rataya a kan farashin litar fetur.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai shinkafar rani da ke kunna inji sau biyu ko uku a mako ya ga ribarsa tana ƙonewa ta salansa. A birane masu janareto sun riga sun fara canja kafireta zuwa mai shan gas, kuma injin ban ruwa da ƙaramin janareto kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dabarar ba ta ɗauki lokaci ba ta isa gona.

Lissafin manomi daidai ne, a ba shi wannan. Ƙarfin da ke cikin kilo 1 na gas ya kai na fetur kusan lita 1.4, wato tukunya mai kilo 12.5 tana tsaye a matsayin lita 18 ko kusa da haka. Gas yana ƙonewa da tsabta, fulogi ba ya yin baƙi da wuri, kuma ba ya zubewa a ƙasa ya gurɓata ruwan kanal. Ko da kuɗinsa ma ya tashi daga baya, da yawa ba su koma ba.

Abin da ke cikin tukunyar

Ka ɗaga tukunyar gas ka girgiza ta a hankali, za ka ji abu yana motsi kamar ruwa. Ruwa ne kuwa. Sinadarai biyu ne 'yan gida ɗaya, furofen da biyuten, waɗanda a sarari iska ne, amma in aka matse su sai su koma ruwa-ruwa. Furofen yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos, biyuten kuma daf da sifili. Ma'ana, a yanayin Kano duka biyun tafasa suke son yi dare da rana, ƙarfen tukunya ne kawai ya hana su.

Bafaranshe Marcellin Berthelot ne ya fara haɗa furofen a ɗakin gwaji a 1857, amma wanda ya mai da shi haja shi ne Walter Snelling, masanin sinadarai a hukumar ma'adinai ta Amurka a birnin Pittsburgh. Ana ba da labari cewa a 1910 wani mai mota ya kawo masa ƙorafi: yana sayen fetur, kafin ya isa gida wani kaso ya ɓace. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, binciken Snelling dai gaskiya ne. Ya gano cewa fetur na wancan zamani cike yake da sinadarai masu saurin tashi, ya raba su, ya samo hanyar ɗura su a tukunyar ƙarfe. A 1912 shi da abokan aikinsa suka kafa kamfani suka fara sayar wa gidaje, a 1913 ya karɓi takardar mallakar fasahar. Wato abin da ke gudu daga tankin mota shi ne aka kamo aka ɗaure.

A Najeriya an daɗe ana ƙone gas a banza a filayen mai na Neja Delta, tun bayan gano mai a Oloibiri a 1956. Matatun Fatakwal, Warri da Kaduna sun riƙa fitar da gas ɗin girki, gwamnati ma ta gina defo-defo a garuruwa irin su Kano, Gusau da Gombe da niyyar rage saran itace, amma da matatun suka durƙushe kasuwar ta bi su. Sai a 2007 da kamfanin NLNG na Bonny ya fara ware wa kasuwar cikin gida kaso abin ya farfaɗo. A lokacin duk ƙasar ba ta shan tan 100,000 a shekara. A 2020 ta haura tan miliyan 1.

Akwai wani bambanci a nan da ya kamata ka riƙe. Yawancin gas ɗin da aka saba sayarwa a ƙasar nan biyuten ne ya fi yawa a ciki, kuma shi mai sauƙin kai ne: a zafin digiri 40 matsinsa bai kai ba 4 ba. Furofen a wannan zafin yana kai ba 13 zuwa 14, kusan ninki shida na iskar tayar mota, a digiri 50 kuma ya kai 17. Sannan ya fi biyuten rashin nauyi, don haka kilo 12.5 nasa yana cin wuri fiye da na biyuten da kusan lita 3. Tukunyar da aka ƙera da biyuten a rai, ta tsufa, ta yi tsatsa a gindi, aka ɗura mata gas mai furofen da yawa, aka ajiye ta a rana a watan Afrilu, ka ga an haɗa mata abubuwa uku a lokaci guda. Mai saye ba shi da hanyar gane wanne aka ɗura masa da ido. Abin da ke hannunsa shi ne lafiyar tukunyar da inda ya ajiye ta.

Warin da aka saya da rayukan yara

Furofen da biyuten ba su da wani wari da hancinka zai kama. Wannan ɗoyi mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji, zuba shi aka yi da gangan, wani sinadari ne mai farar wuta a ciki da ake kira makaftan.

A garin New London na jihar Teksas, a farkon 1937, hukumar wata makaranta ta ga kuɗin gas na ɗumama azuzuwa ya yi mata yawa. Sai ta yanke kwangila da kamfanin da ke ba ta, ta jona bututu da layin ragowar gas na wani kamfanin mai da ke kusa, wanda dama ƙone shi ake yi. Mahaɗin ya riƙa yoyo, gas mara wari ya taru a sararin da ke ƙarƙashin ginin. Ranar 18 ga Maris, da yamma daf da tashi, wani malami ya kunna injin goge katako. Kusan mutum 300 suka mutu, mafi yawansu ɗalibai. Cikin watanni majalisar jihar ta wajabta sanya wari a gas, sauran wurare suka bi. Gas ɗin New London ba irin na tukunya ba ne, na bututu ne, amma dokar ta shafi duka biyun.

Ka lura da abin da ya jawo haɗarin: neman sauƙin kuɗin makamashi, da haɗin da aka yi a gaggauce. Ba sai mun ce maka ya yi kama da wani abu ba.

Ana zuba makaftan ɗin yadda hanci zai ji shi tun gas bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na adadin da zai kama wuta ba. Sai dai an yi wannan lissafi ne da ɗaki a rai. A gona akwai hayaƙin salansa, akwai warin taki da maganin feshi, ga iskar hunturu tana kwashe komai, ga mura. Hanci kuma yana gajiya: in ka daɗe cikin wari sai ka daina jin sa. Tsatsar cikin tukunya ma tana iya shanye makaftan. Shi ya sa gwajin da ya fi hanci shi ne ruwan sabulu. Ka shafa kumfa a kan bawul, da regileta, da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. In ka ga ƙwai-ƙwai suna tasowa, akwai yoyo. Masu gwadawa da ashana har yau ba su ƙare ba, kuma ba mu da abin ce musu da ya wuce su daina.

Rami

A nan ne gonar rani ta bambanta da kicin, kuma nan ne ya fi damun mu.

Injin ban ruwa irin wannan ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa, domin nauyin iskar sararin sama ne ke turo ruwan cikin tiyo, kuma iyakarsa ke nan. Idan rani ya yi nisa, ruwan rijiya ya ja baya, sai manomi ya haƙa rami ya saukar da injin don ya matso kusa da ruwa. Wanda ke ja daga kogi ko magudanar da ke kwashe ragowar ruwa shi ma gangarawa yake yi da injinsa can ƙasan gaɓa. Dabara ce mai kyau, an daɗe ana yin ta.

Matsalar ita ce tururin furofen ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, na biyuten kuma sau biyu. In ya fita ba ya tashi sama. Kwarara yake yi kamar ruwa, ya bi gangara, ya nemi kwari ya kwanta. Kuma kaɗan yake buƙata: kashi 2 cikin 100 na iskar wuri ya isa ya kama wuta, har zuwa kusan kashi 10. Lita 1 ta ruwan furofen tana zama tururi lita 270. Mu yi lissafi tare. Rami mai faɗin mita 2, tsawon mita 2, zurfin mita ɗaya da rabi, yana ɗaukar iska lita 6,000. Kashi 2 cikin 100 na wannan lita 120 ne. Gas ɗin da zai ba da wannan tururi bai wuce kwatan kilo ba. Daga tukunya mai kilo 12.5, ko a sikeli da ƙyar ka lura ya ragu.

Yanzu ka ƙara wannan. Juyin da aka yi yadda ya kamata yana da wata na'ura tsakanin regileta da kafireta, wadda ba ta sakin gas sai inji yana zuƙa. Inji ya mutu, gas ya tsaya. Juyin araha kuwa, wanda aka soka tiyo kai tsaye a maƙogwaron inji ana daidaita shi da kan tukunya, ba shi da wannan. Mai ban ruwa kuma ba zama yake yi kusa da inji ba. Yana can ƙarshen gona da fartanya, yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Inji ya shaƙe ya mutu, kafin ya lura ruwa ya daina zuwa, ya taho, minti goma ko ashirin sun wuce, gas yana ta zuba a ramin. Ya sauka, ya kama igiya ya ja. Tartsatsin fulogi ko zafin salansa ya ishe shi.

Idan za ka riƙe abu ɗaya daga wannan rubutu, ka riƙe tambayar da za ka yi wa bakanike: in injin ya mutu da kansa, gas ɗin zai tsaya? Ka sa ya gwada a gabanka da ruwan sabulu a bakin kafireta. In inji ya mutu maka a rami, ka rufe kan tukunya tukuna, ka bar wurin ya sha iska sosai, ka kaɗa shi da buhu ko faifai, sannan ka sauka. Tukunyar ita kanta a sama take zama, 'yan mitoci daga bakin ramin, ba a gefen da salansa ke hurawa ba. In an gama aiki a fara rufe tukunya, a bar inji ya shanye abin da ke cikin tiyo ya mutu da kansa. Kada ka manta kuma hayaƙin injin gas ma yana da iskar nan mai kisa ba tare da wari ba, wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Rami mai zurfi yana tara ta.

Tiyo ma abin dubawa ne. Farar robar da magina ke auna lebur da ita, ko tiyon ruwa, gas yana cin su, rana tana busar da su su tsage. Akwai tiyon da aka yi don gas, kuma da maɗaurin ƙarfe ake ɗaure shi, ba da tsinken robar taya ba.

Sanyi, da abin da ya faru a Feyzin

Da sanyin safiya a watan Janairu, mai injin gas zai ga wani abu: bayan an ɗan yi aiki, jikin tukunya ya yi raɓa, wani lokaci har da farin ƙanƙara daga ƙasa, inji ya fara tari yana rage ƙarfi alhali akwai gas a ciki. Dalili shi ne ruwan da ke ciki sai ya tafasa kafin ya zama tururi, kuma tafasa tana cin zafi. Inji yana ja da sauri fiye da murhu, tukunya tana rasa zafi fiye da yadda iskar hunturu ke mayar mata, matsi ya faɗi. Biyuten ya fi saurin yin haka, ƙaramar tukunya ma ta fi babba.

A nan ne shawarwarin banza ke shigowa: a kwantar da ita, a kifa ta, a matso da ita kusa da salansa, a hura mata 'yar wuta a gindi. Tukunyar da aka kwantar ruwan gas take turowa maimakon tururi, kuma ka tuna kowace lita tana zama 270. Regileta ba don ruwa aka yi ta ba. Maganin gaskiya shi ne babbar tukunya, ko biyu a haɗe da kayan haɗi na ainihi, domin faɗin jikin da ke karɓar zafi ya ƙaru.

Wannan sanyin ya taɓa cin wata matatar mai. Ranar 4 ga Janairu, 1966, a Feyzin kusa da birnin Lyon na Faransa, ma'aikata suka je zubar da ruwan da ke taruwa a gindin wani ƙaton tankin furofen mai siffar ƙwallo. Ba a bi tsarin buɗe bawul-bawul ɗin yadda aka rubuta ba, furofen ya ɓarke, sanyinsa ya daskarar da bawul, aka kasa rufewa. Tururin ya kwanta a ƙasa ya bi gangara har titi, wata mota ta kunna shi, wutar ta dawo gindin tankin. Bayan kamar awa ɗaya da rabi tankin ya tsage. Mutum 18 suka mutu, 11 daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne.

Abin da injiniyoyi suka koya a nan ya shafi tukunyarka. Inda wuta ke lasar ƙarfe ta wajen da ruwan gas yake, ruwan yana shanye zafin. Inda take lasar sama, wajen da tururi ne kawai, ƙarfen yana yin laushi alhali matsi na ƙaruwa. Da ya tsage, duk ruwan da ke ciki yana tafasa a lokaci guda, ya zama dunƙulen wuta, gutsattsarin ƙarfe su yi nisa. A San Juanico na ƙasar Meziko, ranar 19 ga Nuwamba, 1984, irin wannan fashewa a wata ma'ajiyar gas ta kashe mutum sama da 500 a unguwar da ke kewaye. Saboda haka in wuta ta kama a bakin tiyo kuma hannunka zai kai kan tukunya lafiya, ka rufe, wutar za ta mutu. In ka kashe harshen wutar ka bar gas yana fita, ka mai da ƙaramar matsala babba. In kuwa wutar tana dukan jikin tukunyar, ka kwashe mutane ku yi nisa, ku bi inda iska ke fitowa, kada kowa ya tsaya ɗaukar bidiyo. Ka tuna da wannan ranar da za a cinna wa tattakar shinkafa wuta bayan girbi, ko lokacin da masu aiki suka hura wutar shayi a gindin bishiyar da aka jingine tukunya.

Cikawa da ajiya

Ba a cika tukunyar gas har wuya. Ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar fanko, domin ruwan furofen yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha sau goma sha wani abu. In babu sarari, ruwa ba ya matsuwa, ƙarfe ne zai ba da hanya. Ranar 11 ga Yuli, 1978, wata tankar furofilin, ɗan'uwan furofen, da aka loda mata tan 23 maimakon kusan 19, ta fashe cikin zafin rana kusa da sansanin masu hutu na Los Alfaques a Sifen. Sama da mutum 200 suka mutu. Wanda ya ce wa mai gas «ƙara min kaɗan, ai ni kwastomanka ne» bai san abin da yake roƙo ba. A jikin kowace tukunya an buga nauyinta in babu komai a ciki. Ka haɗa shi da kilon da aka rubuta, abin da sikeli zai nuna ke nan, kada ya wuce.

A nan gida, haɗarin da ya fi yawa yana faruwa ne wajen juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a shagunan cikin unguwa. Ranar 4 ga Janairu, 2020, wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha, Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, wanda ke wani shago a kusa. Tun 2021 hukumar NMDPRA ce ke ba da lasisin wuraren ɗura gas, hukumar SON kuma ita ke kula da ingancin tukwane, kuma ƙa'idarta ita ce a sake gwada tukunya duk shekara 5, a yi ritayar ta in ta kai 15. Shekarar da aka ƙera ta tana jikin hannunta ko gindinta. A ganinmu wannan ƙa'ida da kicin aka auna ta. Tukunyar da ke zama a jiƙaƙƙiyar ƙasa, takin zamani yana taɓa ta, ana ɗaure ta a bayan babur kullum a kan hanyar burji, ba za ta kai shekara 15 da lafiya ba. Ka kifa idonka ka duba gindinta. In tsatsa ta fara ɓarewa, ko ta lotsa, ko an taɓa yi mata walda, ta gama aiki.

Sai maganar dare. Tukunya tana da tsada, ɓarayi kuma suna ɗauka, don haka ba wanda zai bar ta a gona. Ana dawowa da ita gida, a tura ta ɗakin da buhunan taki da maganin feshi suke, ko shagon da 'yan ƙwadago ke kwana a kan tabarma, daidai inda tururin zai kwanta in bawul yana yoyo, ga maganin sauro na kunnawa a gefe. Abin da ya dace da ita shi ne ɗan keji na ƙarfe a tsakar gida, mai rufin kwano da kwaɗo, iska na ratsa shi ta ƙasa, nesa da murhu, nesa da bakin rijiya, kwata da masai. A tsaye, a kan bulo ko katako, an cire regileta, an rufe kai. Wadda ake cewa ta ƙare ma haka za a yi mata, don tururi bai ƙare a cikinta ba. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke kowane sashe na aikin Kogin Kano sun riga sun saba tara kuɗin yashe kanal, kuma keji ɗaya mai ɗaukar tukwane ashirin a bakin gari, da mai gadi ɗaya, bai fi ƙarfin irin wannan tarin ba.